Jar lamba a Melbon: kafin ka sayi tsohuwar mota, karanta wannan

Duk shekara sai an samu sabon zuwa da zai gano jar lamba, ya kuma ɗauka shi ya fara gano ta. Ya ga tsohuwar mota a titi da lamba ja mai farin rubutu, ya tambaya, aka ce masa ai ta kulob ɗin masu tsofaffin motoci ce, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na rajistar da kowa ke biya ba. Rajistar shekara a cikin Melbon ta haura dala 800, ga kuɗin haya, ga na makaranta, ga mutanen gida suna jiran aike. Nan take lissafi zai zo masa: ya sayi tsohuwar Corolla ko Commodore, ya ba kulob ɗan abin da ba a rasa ba, shi ke nan ya huta. Ɗan'uwa, kallon kitse kake yi wa rogo.

Ga yadda abin yake a jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, inda Melbon take. Motar da ta cika shekara 25 da ƙerawa tana iya samun izinin kulob daga VicRoads, hukumar rajistar motoci ta jihar, maimakon cikakkiyar rajista. Izinin na kwana 45 ne ko kwana 90 a shekara, ba ya wuce haka. Wanda ya ɗauki 45 ya cinye su zai iya ƙara wasu 45, daga nan mota ta koma gareji sai wata shekarar. An yi tsarin ne domin masu sha'awar tsofaffin motoci, mutanen da ke fito da abin su ranar Lahadi su wanke, su zagaya, su mayar. In kana zuwa aiki kwana biyar a mako, kwana 90 za su ƙare maka a mako 18, wato kafin ka cika wata biyar ka koma jiran bas. Kuma an hana yin sana'a da motar kwata-kwata: ba ɗaukar fasinja don kuɗi, ba kai abinci, ba dakon kaya. Masu tunanin Uber su cire rai.

Matakan farko ba su da wuya, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Ka sami adireshin da motar za ta riƙa kwana a cikin jihar. Ka kai ta wajen bakanike mai lasisin gwaji ya ba ka takardar lafiyar mota, wadda ake buƙata ga duk motar da aka ƙera daga 1949 zuwa sama. Ka cike fom, jami'an kulob su sa hannu, ka kai ofis da shaidar mallaka, ka biya, a ba ka lamba da sitika da littafin fita. In motar ba ta da rajista a lokacin, akwai izinin wucin gadi na kai ta wajen gwaji, kada ka ce ai nan kusa ne ka lallaɓa da ita. Abu ɗaya da za ka riƙe: takardar lafiyar mota kwana 30 kawai take aiki, saboda haka ita ce ta ƙarshe da za ka nema. Zan dawo kan wannan.

Sai kulob. Dole ka zama ɗan ƙungiyar da hukuma ta amince da ita, kuma mai biyan kuɗin shekara. Wasu ƙungiyoyin ba sa sa wa sabon shiga hannu sai ya yi watanni yana halartar taro. Na ji wani ƙanenmu yana mita wai wariya ce. Ba wariya ba ce. Sa hannun sakataren nan shaida ce yake bayarwa cewa ya san ka, ya ga motarka, ya ajiye hotunanta, kuma in ka yi ɓarna ƙungiyar ce za a fara tambaya. Mu da muka tashi muna ganin yadda ba a ba baƙo rumfa a kasuwa sai wani ya tsaya masa, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ka je taron, ka sha shayinsu, ka saurari dattawan nan masu farin gashi. Yawancinsu sun fi littafi sanin mota, kuma in suka ga da gaske kake, za su ba ka kayan gyara da kuɗinka ba zai samo maka ba. Ka guji waɗanda za su ce maka turo kuɗi ta waya mu sa hannu ba sai mun ga mota ba. Ranar da aka janye amincewa daga irin wannan ƙungiya, izininka ya shiga ruwa tare da ita. Haka kuma in ka bar kuɗin kulob ya wuce lokaci, lambar tana nan manne a mota, amma a idon doka motar ba ta da izini.

Littafin fita shi ne ran abin. Kafin ka yi nisan da ya wuce mita 100 daga inda motar ke kwana, sai ka rubuta kwanan wata da sunanka, ka sa hannu. Ba bayan ka dawo ba, ba a bakin danja ba sa'ad da ka hango 'yan sanda. Ba a kuma cike kwanakin gaba a ajiye. In hira ta yi daɗi a gidan aboki har sha biyun dare ta wuce, sabuwar rana ta shiga, sai ka sake rubutawa kafin ka tayar da mota. Na san mu da ziyara, sallama kaɗai tana cin rabin awa a bakin ƙofa. Ka ajiye biro biyu a cikin motar.

Yanzu ga inda ake zubar da hawaye, wato motar da aka yi wa sauye-sauye.

Tawa Fijo 504 ce. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da motar nan take a zuciyarmu, tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975 ta zama motar gwamnati, motar tasha, motar Alhaji. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne an harhaɗa ta a nan Melbon ma, a unguwar Heidelberg, shi ya sa har yanzu ake tsintar ta a garejin tsofaffi da gonaki, kuma akwai kulob na masu Fijo a jihar. Na samu tawa a wani ƙauye, bodi lafiya, ba tsatsa sosai. Sai dai wani daga cikin waɗanda suka riƙe ta a baya ya cire injinta ya dasa na wata mota daban mai silinda shida, ya canza kujerun gaba, ya rage mata tsayi. Mai sayarwa ya ce an yi takardu tuntuni, zai nemo ya aiko. Har yau yana nema.

Mai duba motoci na kulob ya buɗe bonet, ya yi shiru, ya rufe, ya ce ba zai iya sa hannu ba. Ya yi gaskiya. Akwai ƙananan sauye-sauye da doka ta yarda da su ba tare da wata takarda ba, hukuma ta jera su a cikin takardun bayani biyu da ake kira VSI 8 da VSI 33, kuma an fi sassauta wa motocin da suka girmi 1969, shekarar da dokokin ƙirar mota na ƙasa suka fara aiki. Duk abin da ya wuce wannan iyaka sai injiniya mai rajista a VASS, tsarin jihar na tantance motocin da aka yi wa sauyi, ya duba ya ba da takardar amincewa, sannan a ba ka lamba mai harafin M maimakon H da ake ba motar da ba a yi wa babban sauyi ba. Bakaniken unguwa ba ya ba da ita komai gwanintarsa. Injiniyan nan ba ruwansa da cewa mota tana tashi da bugu ɗaya. Zai duba inda aka ɗaure injin da irin waldar da aka yi, ko birki zai iya tsayar da ƙarfin da aka ƙara, ko kujera da bel suna daure a inda ba za su tsinke ba ranar hatsari, ƙarar salansa, hayaƙi gwargwadon shekarar motar. Injiniyan da ya duba tawa ya sa aka sake waldar maɗaurin injin gaba ɗaya, aka canza birkin gaba, kujerun kuma aka cire su aka nemo na asali. Kowane gyara sai an koma ya gani da idonsa, kuma kowace komawa da kuɗinta. Injiniyoyin ba su da yawa, layi ake bi. Takardar lafiyar da na riga na karɓa ta mutu a aljihu tun ana tsakiyar aiki, sai da aka sake gwaji aka sake biya. Motar ta shafe watanni a kan jak, uwargida tana wucewa ta gefenta da kwandon wanki ba ta cewa komai, wanda ya fi magana ciwo. Da aka gama, abin da na kashe a takardu da gyara ya wuce kuɗin da na sayi motar.

Saboda haka ka ji da kyau. In mai mota ya ce maka an yi mata aikin injiniya, ka ce ya nuna takardar kafin kuɗi ya bar hannunka, ka kuma duba cewa lambar shasi da lambar injin da ke rubuce su ne a jikin motar, kuma abin da takardar ta lissafa shi ne abin da idonka ke gani. Alƙawarin zan aiko ba takarda ba ne. Ka tafi da wani daga kulob ya duba tare da kai, ba sa ƙi. Ka biya dala 2 ka bincika rajistar PPSR ta intanet, za ta nuna maka ko akwai bashin banki a kan motar ko an taɓa kai rahoton sace ta. Rasit ya ɗauki sunan mai sayarwa, kwanan wata, farashi da lambobin nan biyu. In kuma kai ne ke son yin sauyin, misali ka sa babban inji ko faffaɗan taya, ka fara zama da injiniyan kafin a kunce ƙusa ɗaya. A gida mun saba a yi aiki tukuna sannan a nemi takarda. A nan wanda ya yi haka sau biyu yake biya.

Akwai masu cewa za su sa a loda musu Marsandin mahaifinsu a kwantena daga Legas ko Kwatano. Na gane shauƙin, kuma sitiyarin hagu ba ya hana tsohuwar mota samun jar lamba. Amma sai an sami izinin shigo da mota daga gwamnatin tarayya kafin ta hau jirgi, ba bayan ta iso ba. Ostireliya ta haramta asbesto, wani sinadari mai illa ga huhu, gaba ɗaya tun ƙarshen 2003, tsofaffin motoci kuwa yana cikin birkinsu da kulocinsu da gasket, kuma ana iya tsare mota a tashar ruwa a gwada ta a kan kuɗinka. Ga kuma jami'an da ke hana shigo da laka da ƙwari, laka kaɗan a ƙarƙashin mota za ta sa a sake wanke ta, kai ne mai biya. Irin Marsandin nan tana nan birjik a cikin ƙasar.

Kada kuma ka ɗauka kuɗin TAC, hukumar jihar mai kula da waɗanda suka yi hatsarin mota, da ke cikin izinin inshorar mota ne. Wannan na jinyar mutanen da suka ji rauni ne kawai. In ka daki motar wani, gyaranta daga aljihunka zai fito sai in ka yi inshora ta daban. Kamfanonin da ke inshorar tsofaffin motoci sukan yi rangwame saboda ƙarancin fita.

Mu ba mu da yawa a garin nan, amma alhamdulillahi an san mu da riƙon amana, kuma ranar Sallah in ka ga motocinmu biyu-uku sun jeru a bakin filin wasa, yara suna ɗaukar hoto, Turawa suna tsayawa suna tambayar shekarar kowace, abin yana da daɗi. Waɗanda suka fara shiga ƙungiyoyin nan ne suka share mana hanya da halinsu, ba na son wani ya zo jiya ya ɓata ta saboda ragin 'yan daloli. In an roƙe ka ka ɗauko amarya da motarka, ka ɗauko ta don zumunci, ka rubuta a littafi. Da zarar an yi ciniki an ce nawa za a ba ka, ta zama haya, kuma haya ce aka hana.

Wanda aiki zai mayar Sidni ya sani cewa jar lambar Biktoriya ba ta binsa. A can sai mota ta cika shekara 30, littafin fitarsu kwana 60 ne ban da fitar da kulob ya shirya, kuma motocin da aka yi wa sauyi tsarinsu daban ne. Haka in ka sayar da motar, izinin ba ya komawa kan mai saye, shi ma sai ya nemi kulob ɗinsa ya fara daga farko. Mai neman kayan gyara kuma ya jira Nuwamba, ya je kasuwar tsofaffin kayan mota ta Bendigo da sassafe, da tsabar kuɗi a aljihu da lambar injinsa a rubuce.