Yadda Ake Dawowa Zane Bayan An Daɗe Da Ajiye Fensir

Na sha ganin masu dawowa zane bayan shekara biyar ko goma, kuma kusan dukansu wuri ɗaya suke faɗuwa. Ranar farko sai mutum ya ɗauko tsohon zanensa da ya fi kyau, ya jingine shi a gabansa, ya ce bari ya zana fuskar wani. Kafin awa guda takarda ta sha guga har ta kusa hujewa, fensir ya koma inda ya fito. Ni ma haka ta faru da ni, har sau biyu.

Dalili kuwa, ido ba ya mantuwa, hannu ne ke yin nauyi. Idonka yana hango kuskure kamar da, hannun kuma ya kasa biyan buƙata, sai ka ɗauka baiwar ce ta gudu.

Saboda haka mataki na farko, tattara tsofaffin zanenka ka kulle su, kada ka leƙa sai bayan wata guda.

Na biyu, kada ka sayi littafin zane mai tsada. Asarar kuɗi ce a yanzu, kuma farin shafinsa na farko tsoro yake sa mutum. Takardar A4 da ake buga takardu da ita ta isa, ko da an yi rubutu a bayanta. Fensir biyu kawai, HB mai matsakaicin tauri da 2B mai ɗan laushi wanda ya fi shi baƙi; a jikin fensirin ake rubuta waɗannan lambobin. Masu ɗauko cikakken saiti daga 6H mai tauri sosai zuwa 8B mai laushi sosai ba su cika amfani da fiye da uku ba.

Na uku shi ne inda nake so ka tsaya, domin a nan na sha wuya. Mako biyu na farko ajiye fensirin da abin gogewa, ka ɗauki biro. I, biro. Matuƙar akwai damar gogewa, za ka ja layi ɗaya ka goge sau goma, ka tashi ba ka zana komai ba. Da biro kuwa, layin da ya karkace sai ka ja wani a kansa ka wuce. Kowace rana minti 15, ba ƙari. Minti biyar na farko cika shafi da da'irori da dogayen layuka, motsin yana fitowa daga kafaɗa da gwiwar hannu, ba wuyan hannu ba, wanda rubutu ya saba masa da gajerun layuka. Sauran minti goman, ɗauki abu mara rai, kofi, takalmi, makulli, ka zana shi cikin minti biyu, ka juya shi ka sake. Wani lokaci zana hannunka na hagu ba tare da ka dubi takardar ba ko sau ɗaya. Abin da zai fito zai ba ka dariya, amma shi ke tilasta ido ya bi abin da ke gabansa maimakon abin da ƙwaƙwalwa ta haddace. Rubuta kwanan wata a ƙasan kowane shafi, kada ka yaga ko ɗaya, kada kuma ka ɗora a intanet tukuna.

Daga mako na uku dawo da fensir. Miƙe hannu sosai, rufe ido ɗaya, auna tsawo da faɗin abu da babban yatsa a jikin fensirin. Inuwa kashi uku ta wadatar: haske, tsaka-tsaki, duhu. In ka gama, nuna zanen a madubi, duk inda ya karkace zai bayyana nan take.

Fuska ita ce ta ƙarshe. Ka tuna idanu suna tsakiyar kai ne, ba can sama kusa da gashi ba. Bayan kwana 30, jera shafin ranar farko da na jiya ka duba, sannan ka buɗe tsofaffin in kana so.