Kurakuran da matafiya Hajji da Umara ke yi da taswirar waya

GPS, wato tsarin da ke nuna wa waya inda kake a taswira, ba ya cin data. Waya tana karɓar siginarsa kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, ko da babu layi a cikinta. Abin da ke cin kuɗi shi ne sauko da taswirar kanta daga intanet. Rashin sanin haka ne ke sa mutum ya sauka Jidda da datar layinsa na gida a kunne, kafin ya kai masauki WhatsApp da sabunta manhajoji sun lashe masa kati a farashin roaming, wato cajin amfani da layin gida a ƙasar waje. Tun kafin jirgi ya tashi ka shiga saitin waya ka kashe "Data roaming". Layin kuwa ka bar shi a ciki saboda saƙon banki, amma ka sani amsa kira a kansa ma ana caji.

Kuskure na biyu shi ne jiran sai an isa sannan a sauke taswira. Wi-Fi na masaukin alhazai cunkoso gare shi, ɗaruruwan mutane ne a kansa. Ka sauke tun kana gida: a Google Maps ka taɓa hotonka da ke sama, ka zaɓi "Offline maps", ka ja akwatin ya rufe Makka har da Mina, Muzdalifa da Arfa. Madina ka yi mata nata daban. Sannan ka kashe data da Wi-Fi ka buɗe ka gani ko tana aiki.

Ga wanda ya fi kama mutane. Idan babu intanet, Google Maps hanyar mota kawai take nunawa, ba ta ba da hanyar tafiya a ƙasa. Alhaji kuwa yawancin zirga-zirgarsa da ƙafa ce. Sai ta zagaya da kai ta titin da aka yi wa motoci, alhali ga gajeriyar hanya a gabanka. Ka ƙara da manhajar taswira ta Organic Maps ko OsmAnd, su suna nuna hanyar ƙafa ba tare da data ba.

Da ka isa masauki, ka tsaya a bakin ƙofa a waje ka ajiye alamar wurin. Haka a Mina, inda tantuna duk kamarsu ɗaya. Kada ka yi alamar daga cikin ɗaki, domin gini yana tare sigina. Kusa da Harami ma dogayen otal-otal suna sa shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake a taswira ya riƙa tsalle, a cikin hanyoyin da aka huda duwatsu kuwa ɓacewa yake yi gaba ɗaya. Don haka ka riƙe lambar ƙofar Harami da ka shiga: ta Sarki Abdul'aziz ita ce 1, ta Sarki Fahad 79.

Idan ka sayi layin Saudiyya na STC, Mobily ko Zain, wanda sai da fasfo da yatsa ake rajistarsa, ka tabbata shi ka zaɓa a matsayin layin data. Masu iPhone su kashe "Allow Mobile Data Switching", in ba haka ba wayar tana iya komawa layin gida da kanta idan sabis ya yi rauni.

Taswira da zafin rana suna shanye batir da sauri. Ka rage hasken allo, ka riƙe power bank a jakar hannu, domin ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba. Sunan masaukinka da Larabci kuma ya kasance a takarda cikin aljihunka.