Babi na 6: Karayar kwatangwalo a wajen tsofaffi

Darasi na 1: Lissafin

Ɗora hannunka a gefen ƙugu, inda ƙashin cinya ya haɗu da gangar jiki. Nan ne kwatangwalo. Kan ƙashin cinyar nan shi ke karyewa.

A Amurka kaɗai, tsofaffi kusan 300,000 ake kwantarwa a asibiti duk shekara saboda wannan karaya. Kada sifirin su ba ka tsoro. Bi su da yatsa, biyar ne. Ana karanta shi dubu ɗari uku. Madalla. Cikin kowane mutum 4 da suka karye, wajen 3 mata ne, don ƙashin mace yakan zaizaye bayan al'ada ta ɗauke mata. Sama da 95 cikin 100 kuwa faɗuwa ce sila, yawanci ta gefe.

Darasi na 2: Idan tsoho ya faɗi

Kada ka tsayar da shi.

Fara da dubawa. Yana kukan ciwo a matsematsi? Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tafinta ya juya waje? Ya kasa motsa ta? To, ɗauka karaya ce, ka bar shi yadda yake kwance. Sa masa matashi a ƙarƙashin kai, ka lulluɓe shi, ka kira motar asibiti. Kada ka ja ƙafar, kada ka murza ta, kada ka tsayar da shi.

Duk ajin da muka gwada wannan, nakan sa ɗalibi ɗaya ya kwanta a ƙasa. Kafin in rufe baki, mutum biyu sun cusa hannu a hammatarsa suna cewa, "Sannu Baba, daure ka miƙe." Na san tausayi ne, ba laifi. Amma idan ƙashin tsagewa kawai ya yi, miƙewar nan tana iya raba shi biyu. Mu sake. Tsoho ya faɗi, me za ka yi? Ka bar shi kwance.

Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Ɗauko littafinka ka rubuta sau biyar: Ba zan tsayar da shi ba.

Darasi na 3: A asibiti

Za a ɗauki hoton ƙashi. Yawanci sai an yi aiki, kuma likitoci sun fi son a yi shi cikin kwana biyu.

Darasi na 4: Rigakafi

A sa haske a hanyar banɗaki, a goge ruwan da ya zube, a duba idon tsoho.