Tuƙa Mota Mai Jan Taya Huɗu Cikin Guguwar Dusar Ƙanƙara

Wannan shawara ce ga ’yan uwanmu na ƙauyukan Ringim, Taura da Kafin Hausa da ke shirin tafiya Kanada ko arewacin Amurka, musamman waɗanda suka koyi tuƙi a hanyoyin karkara. A gida mun san mota mai jan taya huɗu irin su Hilux da fitar da mutum daga rairayi da taɓon damina, kuma direban da ya ƙware yakan ba ta wuta don kada ta kafe. A kan ƙanƙara, wannan ɗabi’ar ita ce ke jefa mutum a rami.

Jan taya huɗu yana taimaka wa mota ta tashi ta kuma hau tudu, amma ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa, domin kowace mota da tayoyi huɗu take kama birki. Haɗarin ma ya fi yawa a nan, saboda motar tana tashi sumul, sai direba ya ɗauka hanyar ba ta da santsi, ba zai gane ba sai ya taka birki a kwana ko a kan gada, inda ruwa ke riga daskarewa. Abin da ke riƙe mota shi ne taya. Ku sayi tayoyin hunturu guda huɗu masu alamar dutse mai tsini uku da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa, domin robar taya ta yau da kullum tana taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma’aunin Salsiyas. A lardin Kebek na Kanada doka ce a saka su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Idan hukumar yanayi ta yi gargaɗin guguwa, ra’ayina shi ne ku fasa tafiyar, ko da kuwa za ku rasa kuɗin aikin yini. A Kanada ana yin wannan gargaɗi ne idan ana sa ran iska mai gudun kilomita 40 a awa za ta hana ganin abin da ya wuce mita 400 har tsawon awa huɗu. Idan ta riske ku a hanya, ku kunna ƙaramar fitila, domin babbar tana dawo da haske cikin ido, ku rage gudu sosai, ku ba motar gabanku tazara mai yawa, kuma ku taka totur da birki a hankali. Idan birki ya yi ta rawa a ƙarƙashin ƙafa, na’urar ABS mai hana tayoyi ƙamewa yayin birki ce ke aiki, ku ci gaba da dannewa.

Idan mota ta kafe, kada ku fita neman taimako da ƙafa. Ku kira 911, lambar neman agajin gaggawa, ku zauna a ciki. A guguwar da ta afka wa birnin Buffalo na jihar New York a Amurka a Disambar 2022, mutane fiye da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motoci, wasu a waje cikin dusar, Allah ya kiyashe mu. Ku riƙa kunna injin na minti goma a kowace awa don ɗumi, amma kafin kowace kunnawa ku share dusar da ta toshe bakin salansa, ku kuma ɗan sassauta gilashi, domin hayaƙin da ke komowa ciki yana ɗauke da wata iska marar wari da ke kisa. Tun farkon hunturu ku ajiye bargo, shebur, tocila, ruwa da dabino a motar, kada kuma ku bar mai ya sauka ƙasa da rabin tanki.