Ga masu jinyar wanda ya bugu a kai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Haɗarin kabu-kabu ya yi yawa a Maradi, ga mutanenmu ba sa son hular kwano, shi ya sa nake wannan tunatarwa.

Wanda ya daɗe a sume ba farat ɗaya yake farkawa ba. Zai buɗe ido bai san kowa ba, daga baya ya fara bin mutum da kallo, sannan ya matse hannu in an ce ya matse. Likitoci na auna wannan da ma'aunin Glasgow, daga 3 zuwa 15. 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani.

Don Allah kada a ɗura masa kunu, ruwa ko rubutu sai likita ya tabbatar yana iya haɗiya. Abin kan bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, ya jawo ciwon da ya fi na farko. Nan ne tausayi ke yin ɓarna. A riƙa juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, ana lanƙwasa masa gwiwa da yatsu kada su sandare.

Masu dubiya kuma a rage su. Mutum ɗaya ya yi magana, a hankali: ya faɗa masa sunansa, inda yake, da ranar yau. In ya fara zagi ko fizge-fizge, ba aljanu ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke farfaɗowa.

Bayan sallama, ku bar shi ya riƙe cokalinsa ko da tuwon zai zube, ya sa rigarsa da kansa. An fi ganin sauƙi a wata 6 na farko, amma yakan ci gaba har shekaru. In ya yi farfaɗiya, ko amai da yawan barci, a koma asibiti nan take.