Yadda Ake Fitar Da Faktocin Lamba Ba Tare Da An Bar Ko Ɗaya A Baya Ba

Ɗauki kiret ɗin ƙwai ka duba shi da kyau. Ƙwai 30 ne, layi biyar, kowane layi ƙwai shida. Biyar da shida su ne abin da malamin lissafi yake kira fakto na 30. Fakto ita ce lambar da za ta raba wata lamba daidai wa daida, ba saura ko ɗaya. Ka raba ƙwai 30 ga mutum biyar, kowa ya tashi da shida, an tashi lafiya. Ka raba su ga mutum huɗu, kowa ya samu bakwai, biyu sun rage a kiret ana kallon juna. Don haka 4 ba fakton 30 ba ce.

Yara da yawa sun san wannan ma'anar, amma idan aka ce su rubuto dukan faktocin lamba sai su yi ta cinta, su tuna wannan su manta wancan. Maganin abin shi ne kada ka nemi fakto ita kaɗai. Faktoci tagwaye suke zuwa, duk wadda ka samu tana riƙe da hannun 'yar'uwarta.

Fara da 1, domin babu lambar da 1 ba ta rabawa. Abokiyar 1 ita ce lambar kanta. Sai ka hau sama ɗaya bayan ɗaya, kana gwada 2, 3, 4, haka. Duk wadda ta raba ba saura, ka rubuta ta tare da amsar rabawar. Ga yadda 60 take fitowa:

1 sau 60
2 sau 30
3 sau 20
4 sau 15
5 sau 12
6 sau 10

Ka gwada 7, sai ka ga 7 sau 8 ya ba da 56, saura 4, ka jefar da ita. 8 ma ba ta shiga. To a nan ne ake tsayawa, kuma wannan wurin tsayawar shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Lambobin hagu suna hawa, na dama suna sauka, dole su haɗu a tsakiya. Da zarar lambar da kake gwadawa ta kai inda idan ka ninka ta da kanta za ta wuce lambar da kake aiki a kai, aikin ya ƙare. 8 sau 8 ya zama 64, ya wuce 60. Duk wata fakto da ke gaba ka riga ka rubuta ta a gefen dama. Faktocin 60 ke nan guda 12: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30, 60. Na taɓa zama da wani yaro yana gwada 60 da kowace lamba har zuwa 59, fensir ya ƙare, takarda ta yi baƙi, alhali gwaji bakwai sun ishe shi.

Wani lokaci tagwayen su kan zama mutum ɗaya. A 36, bayan 4 sau 9, sai ka iske 6 sau 6. Shida sau ɗaya ake rubuta ta. Shi ya sa 36 take da faktoci tara, adadi mara, kuma duk lambar da ta fito daga ninka lamba da kanta adadin faktocinta mara ne, irin su 16, 25, 49 da 100.

Ba sai ka yi doguwar rabawa kowane lokaci ba. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, biyu na raba ta. Wadda ta ƙare da 0 ko 5, biyar na raba ta. Ga uku kuwa, tara alƙaluman lambar: 234 ta ba da 2 da 3 da 4, wato 9, kuma tunda uku na raba 9, tana raba 234. Dabarar lamba 9 ma haka take. Ga huɗu, alƙaluma biyu na ƙarshe kawai za ka duba. Bakwai ce mai taurin kai, gara ka raba kawai. Ka yi hankali da 91, tana kama da lambar da ba ta rabuwa, amma 7 sau 13 ce.

Sai mu zo kan abin da ake kira furofa fakto a aji. Ba wani sabon aiki ba ne: ka ɗauki jerin da ka fitar, ka cire lambar kanta, abin da ya rage su ne. Na 30 su ne 1, 2, 3, 5, 6, 10, 15. Lamba irin 13 kuwa 1 kaɗai ta rage mata, 1 ita kanta ba ta da ko ɗaya. Sai dai littattafai sun saɓa, wasu suna cire 1 ma tare da lambar. Kafin jarrabawa ka duba wanne littafinku ya bi, kada ka yi asarar maki a kan abin da ka sani.

Me ya sa ake cire lambar? Saboda idan ka tara waɗanda suka rage, abin mamaki yana fitowa. Na 6 su ne 1, 2, 3, jimlarsu 6. Na 28 su ne 1, 2, 4, 7, 14, jimlarsu 28. Irin waɗannan ake kira cikakkun lambobi, tun zamanin Girkawa aka san su, kuma bayan 28 sai 496, sai 8128. Akwai kuma lambobi masu ƙaunar juna: na 220 idan ka tara su 284 za ka samu, na 284 kuma, wato 1, 2, 4, 71 da 142, su mayar maka da 220. Sabit ɗan Ƙurra, masanin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, ya fitar da ƙa'idar nemo irin waɗannan.

Masu rabon gado ma da faktoci suke aiki, ko da ba su kira su da wannan sunan ba. Idan sumuni (ɗaya bisa takwas) ya haɗu da sudusi (ɗaya bisa shida) a gado ɗaya, ana ɗora rabon a kan 24, domin 8 da 6 duk suna raba ta ba saura: sumuni ya zama kashi 3, sudusi kashi 4.

Yanzu gwada 72 da kanka. Za ka tsaya a 8 sau 9, kuma idan ba ka samu faktoci 12 ba, ka koma ka duba tsakanin 3 da 6.