Yadda za ka tuhumi ma'aikaci kan sakacin aiki ba tare da nuna son kai ba

Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aikata, ko da mutum biyar ne a shago, ya san inda gizo ke saƙa. Wannan ɗan ƙanwar maigida ne, wancan wani babba ne ya yi masa hanya, ga kuma wanda jininku bai haɗu ba tun ranar da ya kama aiki. Laifi iri ɗaya za su yi, amma zuciya ta auna wa kowa da mudu dabam.

Mataki na farko: tara hujja kafin ka buɗe baki. Gani ya kori ji. "An ce ba ya zuwa da wuri" tsegumi ne. Ɗauko rajistar sa hannu ka rubuta: ranar kaza ya iso ƙarfe 9:40, alhali ƙarfe 8:00 ake buɗewa. Kalmomi irin su "malalaci" ko "mai girman kai" kada su shiga takardarka, domin hali suke siffantawa, kai kuwa aiki aka ba ka ka duba.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne wuya: binciki kanka. Cire sunansa daga takardar, ka sa na ma'aikacin da ka fi so. Da shi ne, za ka kira shi ofis ko za ka kau da kai? Sannan ka bi rajistar duka. Idan mutum uku ne ke makara, ka tsinci ɗaya, sauran ma'aikata sun gani, kuma ba za su manta ba. In mai laifin ɗan'uwanka ne, ko kun taɓa samun saɓani a waje, miƙa maganar ga wani shugaba ka janye. Wannan ba gazawa ba ce.

Mataki na uku: tabbatar an taɓa bayyana masa aikinsa. A Nijeriya, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya wajabta a ba wa ma'aikacin da dokar ta shafa takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Duba kuma ko an ba shi kayan aiki. Wanda ya wuni babu wuta, babu mai a janareta, ba a tuhumarsa da jinkirin buga takarda.

Mataki na huɗu: ku zauna a keɓe, da shaida ɗaya wanda ba shi da hannu a maganar. Kada ka yi a gaban abokan aikinsa, balle a gaban kwastoma. Idan ya girme ka, ba shi girmansa: "Baba, sau shida a wannan wata kun iso bayan ƙarfe tara. Ko akwai abin da ke faruwa?" Daga nan ka yi shiru ka saurara, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mai yiwuwa jinyar mahaifiya yake yi, mai yiwuwa kuɗin mota ne ya gagara saboda albashi ya makara. Uzuri ba ya goge abin da ya faru, amma yana iya sauya maganin da ya dace.

Mataki na biyar: rubuta abin da aka cim ma, da wa'adi, misali mako huɗu, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In bai gyara ba, bi matakan a jere: gargaɗin baki, takardar neman ba'asi tare da lokacin amsawa, gargaɗi a rubuce, sannan hukunci. Idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, waɗannan takardu ne za su nuna ko an ba shi damar kare kansa.

Sai ka shirya wa masu zuwa ban-haƙuri, don za su zo, wani lokaci har gida bayan sallar isha'i. Karɓe su da mutunci, ka ce musu: "Ranka ya daɗe, na ji, kuma zan ƙara masa mako biyu. Amma duk wanda ke da irin laifinsa shi ma zai samu mako biyun." Washegari ka rubuta ƙarin wa'adin a fayil ɗin kowannensu.